Lamba Biyar na Ajiya

Shekarar da gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye, ita ce shekarar da na zama ɗan ƙwallo. Na san yadda maganar take a kunne. Duk wanda na faɗa wa sai ya dube ni, ya dubi tumbina, ya yi shiru irin na ladabi. To, ku yi shirunku. Ni dai na san an taɓa rubuta sunana a takarda, an buga mata tampo, wato hatimi, a biro na hukuma, kuma takardar ba ta sammaci ba ce.

Lokacin soja ke mulki, soja kuwa ba ya son ganin samari zaune, ko da babu abin da za su yi a tsaye. Bayan kaka, wadda ba kaka ba ce sai suna, saƙo ya zo daga Tasawa cewa kowane gari ya fitar da ekip, wato ƙungiyar ƴan wasa, za a yi gasar ƙwallo. A rubuta sunaye goma sha shida: goma sha ɗaya na shiga fili, biyar na jira. Da zarar an buga tampo magana ta ƙare, ba ƙari ba canji, ko da ƙafar mutum ta cire. Aka ɗora aikin a kan mushe, wato malamin lakwal, makarantar bokon garinmu, don shi kaɗai ke da usur da littafin dokokin wasa. Sunaye goma sha biyar ba su ba shi wuya ba. Na goma sha shida ne ya raba garinmu gida biyu.

A bakin kasuwa akwai rumfar tela, nan majalisa take zama daga hantsi har la'asar, tunda gona ta sallami kowa. Manyan bakunan majalisar biyu ne, tela da mahauci. Ina shaida, a cikinsu babu wanda ƙafarsa ta taɓa taɓa ƙwallo. Tela yana da rediyo, saboda haka ya san komai. Mahauci ba shi da rediyo amma yana da murya, kuma a shekarar yana da lokaci, don dabbobin da ake kawo masa fata ce da ƙashi, masu sayen nama kuma sun koma masu kallon nama.

Tela yana son a ba ɗan ƙanwarsa gurbin, wani yaro siriri mai gudun tsiya da ke buga gaba.

"Ƙwallo ci ce," in ji shi, yana taka keken ɗinki ba tare da ya ɗaga kai ba. "Ka taɓa jin rediyo ta yi ihu don wani ya tare? A cika takarda da masu ci, a huta."

"Lamba biyar fa?" in ji mahauci.

Ga wanda bai sani ba, lamba biyar shi ne mutum na ƙarshe kafin mai tsaron gida. In an wuce kowa shi ake tararwa, in an wuce shi sai salati. Namu ɗan makiyaya ne daga zangon da ke arewa da gari, dogo, marar magana, mai ƙafafu kamar sandunan rumfa. Tun da aka fara buga ƙwallo a garin ba a taɓa ganin bayansa ya taɓa ƙasa ba.

"Lamba biyar lahiya lau shike," in ji tela.

"Yau ke nan. Gobe fa? In ya taka ƙaya? In kunama ta harbe shi? In cikinshi ya ɓaci ranar wasa? Wa zai tsaya wurin? Ɗan ƙanwarka, da in aka yi atishawa kusa da shi sai ya faɗi?"

"Kai, ji mugun baki! Mutum na tahiyarshi lahiya kana ta jera mishi kunamu."

Mahauci ya sauka ƙasa, ya tona ramukan dara a cikin rairayi, ya kafa tsinke goma sha ɗaya. Ya zare na baya, ya nuna wurin da yatsa, ya ce wa majalisa, "Ku duba. Rami." Tela ya miƙo ƙafa daga kan kujera ya share duka. Haka aka kwashe kwanaki. Mutum zai zo kasuwa tambayar ko hatsi ya sauko, a ce masa bai sauko ba, sai ya tsaya ya zaɓi ɓangare kafin ya koma gida. Har mata a bakin rijiya sun rabu, masu cewa a ajiye da masu cewa a ci. Yanzu da na tsufa na gane dalili. Maganar rumbu ba ta da daɗi a shekarar, maganar lamba biyar kuwa ana iya yin ta har a yi dariya.

Mutumin da mahauci ke wa wannan yaƙi ni ne. Kuma bari in faɗi gaskiya tun kafin wani tsohon garinmu ya riga ni: ba ni da gudu, ba ni da dabara. Abin da Allah ya ba ni faɗi ne. Ƙwallo takan wuce ni, amma mai ita ba ya wucewa. Ina da shekara ashirin da ƴan kai, da mata, da ɗiya guda da ba ta fara rarrafe ba.

Mushe ya so ya yi ta jan ƙafa, sai mahauci ya ɗauki tabarma ya koma zama a ƙofar ajinsa. Yara na karatu a ciki, shi yana waje yana yi wa masu wucewa bayanin rami. Ran kwana na uku mushe ya fito da alli a hannu ya ce, "Na rubuta shi, don Allah tashi." Aka kai takarda Tasawa, aka buga tampo.

Tela bai ce mini uffan ba har mako guda, amma ramuwarsa na hannunsa. Riguna daga Tasawa aka aiko su, wanduna kuwa shi aka ba ɗinkinsu, da buhunan hatsin taimako da aka zazzage. Kowa ya auna shi da igiyar awo, ni ya auna ni da ido. Da ƙyallen da ya rage ya haɗa nawa. Wando ne da in ka sa shi sai ka riƙa waige kana neman sauransa. Na koma na ce, "Haba, baba tela, wannan ai na yaye ne."

Ya ce, "Mai zama ƙasa me zai yi da yadi? Wa zai gani?"

Na riƙa sa shi a ƙarƙashin dogon wandona, in ɗora riga a sama.

A makon nan ne babbar mota ta kwashe sa'o'ina zuwa cin rani, wasu Katsina, wasu Kano. Waɗanda ke shiga fili suna da hujjar zama. Ni kuwa, tsakani da Allah, da na hau motar nan mushe ba zai lura ba sai an kwana biyu. Amma abin ya yi mini daɗi. Tun da aka haife ni ba a taɓa yin gardama a kaina ba, yau ga gari ya rabu biyu saboda ni. Na zauna. Rumbuna kuwa ko ɓera ya daina leƙa shi. Dole na ɗauki matata da ɗiyar na kai su gidan mahaifinta, a wani ƙauye bayan Korgom, don shi tsohon yana da sauran geron bara da ya iya ɓoyo.

Wanda ya tashi a wurinmu ya san abin da ke tsakanin mutum da surukinsa. Ba ka cin abinci gabansa, ba ka dariya da ƙarfi, ba ka tsaya masa a kai, ko hula ba ka cirewa. Tun daga nesa na tuɓe takalma, na zo na durƙusa a ƙofar zaure, idona a ƙasa. Yana zaune yana tufka igiya, fuskarsa na kallon wani wuri dabam, yadda ya kamata. Muka gaisa, muka sake gaisawa, muka tambayi gajiya da gida da dabbobi har tambaya ta ƙare.

"Na ji samari sun tahi kudu," in ji shi.

"Sun tahi, Baba."

Ya yi shiru. Shirun nan tambaya ce, kuma na san ta.

"An rubuta sunana ga takardar gwamnati, Baba. Ba ni da halin tahiya."

"Madalla. Aikin gwamnati. Wane iri?"

"Ƙwallo, Baba."

"Kai ke buga ta?"

"A'a, Baba. Akwai mai bugawa. Ni ina jira, in ya ji ciwo in shiga."

Ya ci gaba da tufkar igiya. Na ji kaza na tono a bayana, na ji ana daka a wani gida. Can ya ce, "To. Allah shi ba shi lahiya."

Na ce amin. Me zan ce?

Da zan tashi ya ƙara da cewa, "Yarinya da ɗiyarta su zauna. Abin da muka ci su ci." Shi ke nan. Bai zage ni ba, bai yi mini gori ba, wallahi da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Na kamo hanya ni kaɗai, kunya na cina har cikin ƙashi. Daga ranar abu ɗaya nake so a duniya: in shiga filin nan ko sau ɗaya, labari ya kai kunnen tsohon cewa mijin ɗiyarsa bai zauna a banza ba, alhali shi yana ciyar masa da iyali.

Aka fara wasa. Na farko muka ci, ina zaune a kan kututturen dabino a gefen fili. Na biyu muka ci, ina kan kututture. Na uku aka yi kunnen doki, aka buga fenariti muka haye, ina nan inda kuka bar ni. Lamba biyar kuwa ko tuntuɓe bai yi ba. A yi karo da shi, wancan ya faɗi, shi ya miƙa masa hannu ya tashe shi. Ban taɓa roƙon Allah ya karya shi ba, kada a yi mini sharri. Na dai ce, ya Rabbi, ɗan targaɗe, ƙanƙane, wanda zai warke kafin Juma'a. Abin haushin, mutumin kirki ne. In an tafi hutun rabin lokaci sai ya zo ya zauna kusa da ni, ya ciro ɗan guntun cuku daga aljihu ya karya mini rabi. Ina ci ina jin kaina munafuki.

Tela kuwa ya samu abin yi. In na doso rumfa sai ya ɗaga murya: "Ga ɗan ajiya nan! Ku ɗaga shi ku duba ƙasanshi, kada gara ta ci." Wata rana ya ce a riƙa shanya ni a rana kada in yi fumfuna. Majalisa ta kwashe da dariya, ni ma in yi, don in ka yi fushi ka ƙara musu kwana uku.

Mahauci shi ya fi ni ɗaukar abin da zafi. Ya hana ni ɗaukar kaya, ya hana ni hawa jaki, ya ce kada in yi tafiya ba takalmi. In ya samu ƙashi sai ya sa a dafa mini romo, ya tsaya a kaina har in shanye. Har ya fara wata sabuwar gardama, wai kuskuren da aka yi shi ne ba a rubuta wanda zai tsaya bayana ba in ni ma na taka ƙaya. Tela ya ce to a rubuta garin duka a lamba biyar, a bar mai tsaron gida ya je ya ci.

A kwanakin nan saƙon ƴan cin rani ya fara isowa, wannan ƙullin garin rogo, wancan turmin atamfa. Ni saƙon da ya zo mini ta bakin wata mai sai da daddawa ne, wai matata na gaishe ni, ɗiya ta fara rarrafe. Ba ta ce komai bayan haka ba. Na kwana biyu ban je majalisa ba.

Wasa na huɗu a Tasawa aka sa shi, da ekip ɗin cikin gari, masu takalman ƙwallo na gaske. Muka tafi a bayan babbar mota, tela da mahauci a gaba kusa da direba, suna gardama tun daga tasha. Filin yana jikin katangar wata lakwal, an zagaye shi da igiya, mutane sun cika bakinta. Kumandan, sojan da ke mulkin yankin, na zaune a rumfa da kakinsa. Bayan azahar arbit, alƙalin wasa ke nan, ya busa usur. Na samu wani dutse kusa da igiya na zauna, don ni zama ya zame mini sana'a.

Rabin farko ba wanda ya ci. Ƴan Tasawa suka yi ta zuwa, lamba biyar na mayar da su. Aka dawo hutu, ba a daɗe ba, sai muka ga ya tsaya a tsakiyar fili, ba wanda ya taɓa shi. Ya dafa gwiwa, ya zauna a ƙasa a hankali, ya sa kai tsakanin ƙafafu. Aka ɗauko shi mutum biyu. Daga baya muka ji kwana biyu bai ci abin kirki ba. Shinkafar da ake dafa wa ƴan wasa, tasa ƙullewa yake ya kai wa ƙannensa a zango. Da aka wuce da shi ta gabana na ga leɓensa ya bushe ya yi fari. Ba wannan na roƙa ba, Allah ya sani.

"Ale, ale, tashi!" in ji mushe, yana jan hannuna.

Na miƙe, na cire babbar riga, rigar wasa na ciki. Na kai hannu ga mazagin dogon wando. Na ɗaga kai don in ga inda zan shiga, sai idona ya faɗa kan mutumin da ke zaune a bakin igiya, taku kaɗan daga inda nake. Yana kan buzunsa, sanda a kan cinya, ƙafafunsa sun yi fari da tafiya. Surukina ne.

Ban san lokacin da gwiwoyina suka kai ƙasa ba. Gaban kumandan, gaban arbit, gaban Tasawa duka, lamba biyar na ajiya ya durƙusa ya ce, "Baba, an zo lahiya?"

"Lahiya lau," in ji shi, yana kallon wani wuri dabam.

Mushe ya yi ta zuba Faransanci a kaina, har mahauci ya iso da gudu ya dubi inda nake kallo, ya raɗa masa, "Surukinshi ne." Mushe ya saki hannuna ya kama kansa. Shi ma ɗan ƙasa ne, ba sai an yi masa bayani ba. Mutumin da ba ka cire hula gabansa, yaya za ka tuɓe wando, ka tsaya da cinyoyi a waje, ka yi ta tsalle? Ya ruga wurin arbit ya roƙa a bar ni in shiga da dogon wando. Arbit ya nuna littafin doka da yatsa, ya nuna rumfar kumandan da haɓa, ya busa usur. Aka ci gaba da wasa da mutum goma, ramin nan da mahauci ya yi ta nunawa a rairayi ga shi a fili kowa na gani.

Tela ya iso, bai ko yi sauri ba. Ya tsaya gaban mahauci ya harɗe hannu.

"Ka lissafa ƙaya," in ji shi. "Ka lissafa kunama. Ka lissafa ciwon ciki. Suruki fa? Wa ke bayan lamba biyar in suruki ya zo kallo?"

Tun da na san mahauci ban taɓa ganin bakinsa a buɗe ba magana ba sai ranar. Da maganar ta dawo masa sai ta zo da ƙarfi: "Kai ka ɗinka wandon! Da ka sa mishi yadi irin na mutane, da ya rufe gwiwa mu lallaɓa!"

Tela ya sosa ƙeya. "To ni na san za a sa shi?"

Labari ya bi bakin igiya, mutane suka fara dariya ƙasa-ƙasa. Wata mata ta kwance mayafi ta ce a kare ni in tuɓe. Wani ya ce mata, in ya tuɓe ke za ki bi shi da mayafin cikin fili? Ni ina durƙushe, ina lissafi. In ban shiga ba, tsohon ya gani da idonsa cewa zaman banza na yi. In na shiga, ya ga abin da suruki bai kamata ya gani ba, kuma ba zan sake iya durƙusa masa a ƙofar zaure ba. Na ji mai tsaron gidanmu na kiran sunana kamar zai yi kuka.

Tsohon bai dubi kowa ba. Ya dafa sanda ya miƙe a hankali, ya ɗauki buzunsa ya kakkaɓe, ya ce wa na kusa da shi, da murya yadda za a ji, "Jakin ga nawa bai sha ruwa ba tun sahe." Ya juya. Mutane suka buɗa masa hanya, dariyar ta ɗauke. Muka bi shi da ido har ya sha kwanar katanga.

Na saki mazagi. Ihun da filin ya yi da ganin wandon, har yau ban ji irinsa ba. An ce kumandan kansa sai da ya cire tabarau ya goge ido. Ban tsaya ji ba, na faɗa fili.

Kada ku sa ran zan ce na yi abin mamaki. Ƙwallon farko ta tsakanin ƙafafuna ta wuce, Allah ya sa mai binta ya yi karo da ni ya koma inda ya fito. Ta biyu na ɗaga ta sama ta maƙale a bishiyar dogon yaro, sai da aka hau aka kakkaɓo. Mushe ya ce hakan ma dabara ce, an huta. Can kusa da ƙarshe mai tsaron gidanmu ya fito ya faɗi, ɗan gabansu ya saki wata irin ƙwallo da takalmin nan nasa, ni kuma ina tsaye a bakin raga ban san me ya kai ni ba. A fuska ta same ni. Duniya ta juya, hancina ya fashe, amma ba ta shiga ba. Duk da haka sun ci mu ɗaya kafin a tashi, ta ɗaya gefen. Tela ya ce da ɗan ƙanwarsa na nan da mun rama biyu. Mahauci ya ce da ba ni da an zuba mana biyar. A motar komawa suka fara wannan, kuma ba su gama ba har ƙarshen zamansu a duniya.

Ni ban bi ta kansu ba. Na wanke fuska, na mayar da dogon wando da riga da hula, na zagaya bayan katanga. Yana zaune ya jingina da ita, bayansa ga fili, jakin na tsaye a gefe. Kusa da shi wata mata ce mai sai da ruwan sanyi a tulu. Na tuɓe takalma na durƙusa.

"An gama?" in ji shi.

"An gama, Baba. An ci mu ɗaya."

"Yaron da ya zauna, ya tashi?"

"Ya tashi, Baba. An ba shi fura."

"Alhamdu lillahi." Ya miƙe ya kwance jaki, ya shimfiɗa buzu a bayansa. "Mutanen gida na gaishe ka." Na roƙe shi ya bari a nemo masa abinci, ya ce yana son ya rage hanya da sauran rana. Ya hau ya tafi, bai waiga ba.

Mai ruwan ta bi shi da kallo, ta juyo gare ni. "Tsohon ga naka ne? Ya hana ni ciniki yau. Duk ihun da aka yi sai ya ce in hau dutse in leƙa, in gaya mishi ko wanda ya shiga daga baya ne. Da na ce ƙwallo ta buge ka ga huska, ya miƙe tsaye, ya yi taku biyu zai zagaya, sai ya dawo ya zauna."

Bayan mako guda na ɗaure kayana zan bi sa'o'ina kudu, tunda an fitar da mu, takarda ta sake ni. Na biya ƙauyen in yi sallama. Tsohon ya tafi jeji neman ciyawa, na samu matata a tsakar gida, ɗiya na jan zaninta. Ita ta ba ni sauran labarin. Tun ana gobe wasa ya ɗaura wa jaki igiya, ya ce mata zai je ya ga aikin nan da idonsa, ya kwana a hanya. Da ya dawo maƙwabta suka taru a zaure, kowa na son jin abin da mijin ɗiyarsa ke yi wa gwamnati. Ita tana bayan zana tana tankaɗe, ta ji komai.

"Me ya ce musu?" na tambaya.

"Ya ce, ni ban ga komi ba, ina wurin jaki. Amma abin da na gane, ajiye shi suka yi don ranar da babu kowa. Ranar ta zo, aka juya, aka iske shi nan."

Na sunkuyar da kai, hawaye suka zubo, ban ɓoye mata ba. Yini da kwana ya yi a kan jaki don ya gan ni a fili, kuma don in shiga filin ya haƙura da ganin. Ya rayu shekaru bayan haka, bai taɓa tayar da maganar ba, ni ma ban taɓa ba. Har ya bar duniya bai gan ni da ƙwallo ba, don daga ranar ban sake shiga fili ba.